Tsayawa kan gaskiya idan jama'a sun matsa

Dattawan Kirista masu jin Hausa da suka tattauna a Gadarif, a gabashin Sudan, sun fi daɗewa kan shaidar zur, domin nan matsin ya fi tsanani. Idan 'yan kasuwar riɗi ko dangi suka nemi ka shaida abin da ba ka gani ba, ka ƙi tun a karon farko. Wanda ya ce "bari in yi tunani" ya ba su damar turo masa manya, kuma ƙin babba ya fi wuya. Ka faɗi iyakar abin da idonka ya gani, murya ƙasa, ba zagi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15-16 ya koyar. Kada ka sa hannu a takardar Larabci sai amintacce ya karanta maka ita.

Idan wani ya yi laifi, ka fara samunsa ku biyu kaɗai, sannan da shaida ɗaya ko biyu (Matiyu 18:15-16). Tona asiri a bainar jama'a taurin kai yake jawowa.

An soke hukuncin ridda a Sudan a 2020, amma ƙauracewar maƙwabta da abokan ciniki tana nan. Saboda haka dattawan suka nace ikilisiya ta tanadi hatsi da kuɗin haya domin wanda gaskiya ta raba da sana'arsa.