Naɗar waƙa da murya da jita kaɗai: abin da masu sana'ar suka ce

Da aka tattauna faifan Nebraska na mawaƙin Amurka Bruce Springsteen, wanda ya fito a 1982, masu haɗa sauti sun fi tsayawa kan yadda aka naɗe shi. A gidansa na New Jersey ya yi aikin, da na'urar kaset mai layi 4, Tascam Portastudio 144, da makirufo 2 samfurin Shure SM57. Gwaji ya ɗauke shi. Da ya sake waƙoƙin tare da makaɗansa a situdiyo sai armashinsu ya tafi, aka koma wa kaset ɗin.

Shawarar farko da masu haɗa sautin suka bai wa mai son irin wannan naɗa, kada a kafa makirufo a bakin ramin jita, don sautin kan kumbura ya danne murya. A sa shi kusa da inda wuyan jita ya haɗu da jikinta, tazarar santimita 15 zuwa 20. Na murya ya matso baki sosai. In nisan da ke tsakanin makirufon biyu bai kai ninki 3 na wannan tazara ba, sautukan kan ci juna, waƙar ta fito siririya.

An yi saɓani kan amo. Wasu na son ɗan maimaicin Echoplex, wato na'urar maimaita sauti, irin na faifan, wasu sun ce ɗaki mai labule da darduma ya isa. Na biyun ya fi sauƙin gyara.

Kada a raina gwaji: a duba saurin na'ura, a gyara tsirkiya kafin kowace naɗa. Kaset ɗin Nebraska ya wahalar da injiniyoyi kafin ya hau faifan garmaho.