An ba ƙanwata gurbin injiniyan ruwa da muhalli: ta karɓa ko ta jira baɗi?

Yayan Marayu: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta nemi injiniyan gine-gine a JAMB ta bana, amma jami'ar ta ba ta gurbi a sashen injiniyan albarkatun ruwa da muhalli. Mahaifinmu ya rasu, ni nake ɗauke da karatunta da albashin malamin firamare, kuma shekara biyar ba wasa ba ce. Ita tana son ta karɓa, domin mu mutanen Anka ne, tun tana ƙarama take jin labarin gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ina tambayar waɗanda suka karanta fannin da kansu: mace tana samun aiki da shi a nan Arewa? Kuma ban da kuɗin rajista, me zan tanada? Ranar Juma'a ya kamata mu yanke shawara.

Abban Sadik: Wa'alaikumus salam. Malam, ka sa ta sake zama jarrabawa ta nemi aikin jinya. Shi ne ya dace da mace, kuma ba a zaman banza da shi.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Ɗana, ta karɓa. Shekara biyun farko kusan darasi ɗaya suke yi da sauran injiniyoyi, lissafi da zane da ilimin ƙarfin kayan gini. Daga aji uku ake shiga yadda ruwa yake gudana a bututu da magudanai, tace ruwan sha, sarrafa ruwan ƙazanta da shara, da zanen madatsun ruwa, sannan a aji huɗu a tura su koyon aiki na wata shida. Jami'ar Ahmadu Bello tana da wannan sashe, ta Bayero kuwa ta haɗa muhalli da injiniyan noma. Wurin aiki akwai hukumomin ruwa na jihohi, akwai hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, kuma dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka rahoton tasirinsu ga muhalli kafin a fara su.

Abu Hanifa: Baba, doka tana kan takarda. Ni na karanta fannin, na fita da sakamako mai kyau, na yi shekara uku ina yawo da takardu kafin wata masana'antar jima ta ɗauke ni kula da ruwan da take fitarwa. Da na fara aiki sai na tarar injin tace ruwan ba a kunna shi sai ranar da aka ji masu bincike za su zo, saboda tsadar man dizal. Sauran ranaku ruwan yana fita da sinadarin kuromiyam ya bi rafi, kuma a ƙasan rafin nan masu lambu suke ban ruwan latas da kabeji. Na auna, na rubuta abin da na gani, aka kira ni ofis aka ce in gyara lambobin in sa hannu. Na ƙi. Bayan wata biyu aka ce an rage ma'aikata, kuma ni kaɗai aka rage. Yau shagon cajin waya nake riƙe da shi. Har gobe idan na ga latas a kasuwa gabana yana faɗuwa.

Maman Ilham: Allah ya musanya maka da mafi alheri. Game da kuɗi, ɗana ya gama bara. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu muka saya masa naira dubu 190, aikin binciken kammalawa kuma bai wuce dubu 70 ba.

Abu Hanifa: Hajiya, wannan kwamfutar ba za ta ɗauki AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, da manhajojin taswira ba. Ƙanena dubu 480 ya saya. Gwajin ƙarafa masu guba a samfurin ruwa kaɗai ya ci masa sama da dubu 200, domin na'urar makarantarsu ta lalace, sai da ya kai wani gari.

Maman Ilham: Ni dai abin da na biya da hannuna na faɗa, kuma yaron ya fita lafiya.

Na Kwanar Kasuwa: A unguwarmu ranar da aka ji ɗan maƙwabcinmu ya zama injiniyan muhalli, washegari mutum uku suka yi sallama da shi ya zo ya duba musu kwatar da ta toshe, ɗaya har da shebur ya taho masa.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Wannan raha ita take sa yara gudun fannin. Abu Hanifa, na tausaya maka, amma masana'anta ɗaya ba ta isa a hana yarinya karatu ba. Shekara 32 na yi a aikin ruwa.

Abu Hanifa: Baba, da girmanka, a zamaninku aiki ne yake jiran mai digiri. Wanda ya nemi aiki a shekarun nan shi ya kamata a saurara.

Injiniya Ummu Aiman: Ku yi haƙuri, tambayar a kan mace aka yi ta, kuma babu macen da ta karanta fannin a cikinku. Mu shida ne mata a ajinmu. Ni ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Borno, kuma bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 mu muka riƙa bin unguwannin Maiduguri muna auna ruwan rijiyoyi muna zuba sinadarin kulorin. Akwai gidajen da namiji ba zai shiga ya ga randa da banɗaki ba, ni ina shiga. Sai dai aikin kwantiragi ne na shekara-shekara, idan tallafi ya yanke ya yanke. Ta koyi zanen taswira da kwamfuta tun tana aji uku, ta kuma nemi rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, idan lokaci ya yi. Abin da ya fi ci mini rai a aikin shi ne rijiyar burtsatse da ake haƙawa dab da shadda, alhali ana so a bar tazarar aƙalla mita 30.

Abban Sadik: Wannan magana ta taɓa ni. Maƙwabcina ya haƙa tasa taku biyar daga shaddar gidana, yana kuma sayar wa 'yan garuwa. Na yi masa magana ya ce hassada ce.

Maman Ilham: Masu injin haƙar ba sa tambayar kowa, kuɗinsu kawai suke karɓa. Da damina yara huɗu aka kwantar a layinmu da amai da gudawa.

Yayan Marayu: Na gode muku duka. Injiniya, don Allah nawa ake fara biya a irin aikinku, kuma sauran mata biyar ɗin suna ina yanzu?

Abban Sadik: Injiniya, kafin ki amsa masa, wace hukuma ake kai ƙarar irin wannan rijiya, kuma sai na kai samfurin ruwan da kaina?