Neman kalmar Hausa: kyamarorin da ke kama masu gudu a titi

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamaina. Ina da rahoton da za a karanta a rediyo gobe da safe a kan kyamarorin da birnin New York ya kafa a kewayen makarantu, waɗanda ke ɗaukar hoton lambar duk motar da ta haura ƙa'idar gudu da fiye da mil 10 a awa, sannan a aika wa mai motar takardar tarar dala 50. Tun ranar 1 ga Agusta, 2022 suke aiki dare da rana. Na rubuta "kyamarar tsaro", amma raina bai kwanta ba. Haka kuma ina neman kalmar binciken da ake yi musu duk shekara don tabbatar da cewa ba su yi wa direba ƙarya ba.

Tsohon ɗan jarida: Ɗana, cire "tsaro" tun da wuri, domin mai sauraro zai ɗauka irin ta banki ce da ke gadin ɓarayi. Ka ce "kyamarar kiyaye haɗurra". Kunnen jama'a ya saba da wannan lafazi albarkacin Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988.

Malamin Hausa: Ni ban ga dalilin da za mu riƙa jingina da "kyamara" ba, alhali harshenmu bai talauce ba. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "idon hanya", kuma ya dace sarai, tunda abin yana tsaye a kan turke yana kallo ba ya ƙiftawa.

Tsohon ɗan jarida: Allah ya gafarta Malam, "idon hanya" zai yi daɗi a waƙa, amma direban da ya ji shi a labarai ba zai san tara ake nufi ba. Idan aron kalma laifi ne, sai mu fara da mayar da mota, taya da danja.

Malamin Hausa: Waɗancan sun shigo ne lokacin da ba mu da masana. Yanzu muna da su, sai dai kafafen yaɗa labarai sun fi jin daɗin abin da ya fito daga bakin Bature.

Mai sauraro daga Maraɗi: A wajenmu direbobi "rada" suke cewa, kuma ba kuskure ba ne, domin da radar na'urar take auna gudun kafin ta ɗauki hoton. Sai dai na lura duk kalmar da ba ta biyo ta Kano ba, ba a sa ta a lissafi.

Mai fassara: Ina neman afuwa, lokaci yana ƙure mini. Batun binciken shekara fa?

Tsohon ɗan jarida: Ka ce "tantance awo", kamar yadda ake duba sikelin mahauci ko bai tauye kilo ba.

Malamin Hausa: Wannan kam na yarda da shi. Amma "kiyaye haɗurra" ya yi faɗi, domin har kyamarar da ke kama masu keta danja ta shiga ciki.

Mai fassara: To, zan buɗe rahoton da "kyamarar kama masu gudun wuce ƙa'ida", daga baya in taƙaita zuwa "kyamarar auna gudu".

Malamin Hausa: Ka yi hakan saboda gobe, amma a ajina "idon hanya" zan ci gaba da rubutawa a allo.