Kilina da busta na kwamfuta: akwai amfani ko ɓata lokaci ne?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan guruf. Dan Allah a taimaka min da shawara, laftof ɗina HP ce tokumbo RAM ɗinta (wurin da take riƙe ayyukan da ke buɗe) 4GB, kwanan nan ta yi wani irin nauyi, in na kunna ta sai na je na yi alwala na dawo ba ta gama buɗewa ba, ga furojet a gabana sufabaiza na jiran babi na uku. Wani a hostel ya ce in sauke irin manhajar nan ta shara da ƙara gudu, wai dannawa ɗaya ta koma sabuwa. Wacce ce mai kyau a ciki?

Injiniya PZ: Wa alaikumus salam. Babu wacce zan ce ka sa ƙanina. Kilina, busta, oftimaiza, duk sunan da suka ba ta, kwamfutarka ba ta buƙatar ko ɗaya. Abin da suke yi na gaskiya Windows ɗinka na da shi a ciki kyauta, sauran kuma ban tsoro ne da talla

Baffa Sabon Gari: Haba Injiniya, wannan magana ta yi faɗi da yawa. Ni laftof nake sayarwa, duk wadda za ta fita daga shagona sai na sa mata CCleaner, kuma kwastomomi na dawowa suna godiya. Mutum zai zo da kwamfuta C ɗinta, wato babban ma'ajiyar fayilolinta, ya yi ja ya cika maƙil, a danna sau ɗaya a ga gigabait da yawa sun fita, ta samu numfashi. Da idona nake gani ba labari aka ba ni ba, ta ya za a ce babu amfani

Injiniya PZ: Baffa ai ban ce shara ba ta da amfani ba. In C ya cika dole kwamfuta ta yi nauyi, saboda in RAM ya ƙare Windows kan ari wuri a kan dis ɗin ya riƙa ajiye abubuwa, in ba wurin sai ta riƙa tsayawa. Wannan gaskiya ne. Tambayata ita ce me ya sa sai an ɗauko baƙuwar manhaja? Disk Cleanup na cikin Windows tun zamanin Windows 98. Windows 10 da 11 suna da Storage Sense, ka shiga Settings, System, Storage ka kunna shi shikenan, shi da kansa zai riƙa kwashe fayilolin wucin gadi da abin da ya daɗe a kwandon shara. Kuma manyan abubuwan da ke cin wuri ma, ragowar ofdet da Windows.old wato ragowar tsohon Windows, ta nan ake cire su lafiya lau

Baffa Sabon Gari: Kai ka san hanya ne shi ya sa. Je ka faɗa wa Alhajin da ya sayi laftof don lissafin shagonsa ya shiga Settings ya nemo Storage Sense mu gani, duk Turanci ne ƙanana ƙanana. Shi madanni ɗaya babba yake so

Maman Hanifa: Ni dai ina bayan Baffa a nan. Bizines santa gare ni a Kongo, kwamfuta uku, daga safe zuwa dare ɗalibai ne ke hawa suna sauka, wannan ya buɗe imel ɗinsa ya manta bai fita ba, wancan ta yi rajista ta bar hoton fasfo da takardar biyan kuɗi, wani ya sauke abin da Allah kaɗai ya sani. In za mu tashi da dare yarinyar shago na danna kilina sau ɗaya ya goge tarihin Chrome da Firefox da Edge gaba ɗaya. In na ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya wlh ba za ta yi ba. Amanar mutane ce a hannuna

Injiniya PZ: Hajiya wannan hujja ce mai ƙarfi kuma na karɓe ta, amma ki duba, abin da kika faɗa kare sirrin mutane ne, ba ƙarin gudu ba. Shi yaron nan gudu yake nema. Kuma ma goge ajiyar burauza kullum ba ya sa intanet sauri, akasin haka ne, ai burauza tana ajiye hotuna da guntayen shafukan da aka saba shiga ne don kar ta sake sauke su, in kin goge gobe sai ta sake janyo su da datarki. A shagonki ya dace a goge saboda jama'a, amma mai laftof ɗinsa shi kaɗai da ke lallaɓa data yana goge wannan kullum asara yake yi wa kansa

'Yar Gyallesu: Toh ni tambayata kan rajistiri ɗin nan ne. Tawa in na yi sikan sai ta nuna min matsaloli rututu da jan rubutu wai a rajistiri, in na danna gyara sai ya koma kore, kuma gsky hankalina kan kwanta. Kenan ƙarya ce?

Injiniya PZ: Ƙanwata wannan ɓangaren shi ne ma na fi ƙi. Rajistiri kundi ne da Windows ke rubuta saitin komai a ciki, in kin cire wata manhaja takan bar 'yan layuka marasa amfani, su ne kilina ke ƙirgawa ya kira su matsaloli. Ba sa cin wani wurin kirki kuma Windows ba ya bi ta kansu in yana aiki, cire su ba ya ƙara ko daƙiƙa ɗaya da za ki ji a jikinki. Amma ranar da ya goge layin da ake buƙata sai ki ga firinta ta daina aiki ko Office ya ƙi buɗewa ko ma Windows ɗin ya ƙi tashi, kuma irin waɗannan suna zuwa min shago. Microsoft da suka ƙera Windows ɗin sun rubuta a fili cewa ba sa goyon bayan amfani da manhajojin share rajistiri, kuma ba su da tabbacin gyara ɓarnar da suka jawo sai dai a sake loda Windows

Baffa Sabon Gari: Toh tsaya. Tunda ka kawo Microsoft, su ba su fitar da tasu ba? PC Manager sunanta, har da madannin Boost a gaba gaba. In abin banza ne me ya kai su yin sa? Ka ga kenan su ma sun yarda mutane na buƙata

Malam na Tudun Wada: Wannan tambaya ta Baffa tana da nauyi, Injiniya a amsa mana ita tsakani da Allah

Injiniya PZ: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, zan amsa. PC Manager gaskiya ce akwai ta kuma kyauta ce. Abin da ta yi shi ne ta tattaro kayan da dama suna cikin Windows ta jera su a wuri ɗaya, shi Boost ɗin fayilolin wucin gadi yake gogewa ya sauke abin da ke RAM, bayan ɗan lokaci RAM ɗin ya sake cika don manhajojin da ke cinye shi suna nan ba su je ko'ina ba. Amma Baffa ka lura, ba ta share rajistiri, ba ta tsorata ka ta ce ka biya kuɗi. In Alhajinka dole sai madanni ɗaya to sa masa wannan, na yarda. Ai ita ce ma ta ƙara nuna ba a buƙatar ta waje

Baffa Sabon Gari: CCleaner fa ba ta ƙananan yara ba ce, shekara da shekaru ana amfani da ita duniya duka

Injiniya PZ: Haka ne, kuma ita ɗin ce a 2017 ɓarayin intanet suka kutsa kamfanin Piriform mai yin ta suka cusa muguwar manhaja a cikin sigar 5.33, mutum sama da miliyan 2 suka sauke daga shafin kamfanin na ainihi ba wani shafin bogi ba. Sun gyara daga baya, ban ce har yau haka take ba. Abin da nake so a gane shi ne duk kilina sai ka ba shi izinin shiga ko'ina a kwamfutarka kafin ya yi aiki, to in babba irin wannan abin ya same shi ina ga wanda aka ɗauko kirak ɗinsa, wato kwafin sata, a filash ɗin aboki, wanda ba wanda ya san me aka cusa a ciki

Malam na Tudun Wada: Ni abin da ya fi damuna ma shi ne tsoratarwar. Wani abokin aikina dattijo, yana cikin haɗa sakamakon jarabawar yara sai sanarwa ta fito masa wai kwamfutarsa na cikin haɗari ya biya a gyara, har ya ɗauko katin banki, Allah ya sa ya kira ɗansa tukuna. Kuma wannan ba a nan kaɗai ba ne, a Amurka hukumarsu ta kare masu sayayya wato FTC ta sa Office Depot da Support.com sun biya dala miliyan 35 a 2019 saboda sikan ɗin kyauta da suke yi wa mutane yana nuna alamun bairos alhali ba abin da ya gano, don dai a sayar musu da gyara. A 2024 ma masu Restoro da Reimage sun biya dala miliyan 26 kan irin wannan. In can da ke da masu bin kadi an yi haka, mu nan wa zai karɓo mana kuɗinmu

Maman Hanifa: Malam wannan kam zalunci ne, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tawa ba ta taɓa neman ko sisi ba

'Yar Gyallesu: A waya fa? Don wayata ma da kilina ta zo tun daga kwali

Injiniya PZ: Duk kanwar ja ce. Kin tuna Clean Master da kowa ke sakawa? A farkon 2020 Google ta kori manhajojin kamfanin da ke yin ta, Cheetah Mobile, daga Play Store kan batun talla. Android da kansa yake sarrafa RAM, in busta ya kashe WhatsApp yanzu sai ya sake tashi ya ci batir fiye da in an bar shi. Wanda ya zo da wayar ki yi amfani da shi wajen goge bidiyoyin guruf da suka taru, wannan ne ainihin abin da ke cika waya, ko ki sa Files na Google

Ɗan Samaru: Yallaɓai duk na ji, amma ni har yanzu laftof ɗina na nan da nauyinta, me zan yi yau ɗin nan

Injiniya PZ: Yauwa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, je wajen Startup ka ga abubuwan da ke tashi tare da kwamfutar, duk wanda ba ka buƙata da sassafe ka kashe shi, ba goge shi ka yi ba hana shi tashi da kansa ne kawai. Sai ka koma Performance ka duba Disk da Memory. In Disk na zaune a 100% kuma an rubuta HDD to ga ciwonka nan, tsohon dis mai juyawa ne, na laftof yawanci da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa, wato sabon dis mara juyawa, yana kai 500, kuma wajen buɗe ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ba manhajar da za ta canza wannan, kamar ka wanke babur ne ka ce injinsa zai ƙara ƙarfi. RAM 4GB kuma ka buɗe Chrome da shafi goma ga Word ga PDF dole ta yi nishi, in da hali ka mai da shi 8. Sannan ka duba ko antibairos biyu ko uku ne a kai, mutanenmu na son haɗa Smadav da Avast da wani kuma, kowanne na bincikar fayil ɗaya a lokaci ɗaya. Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa, ƙurar hunturun Zariya. Fanka na toshewa, ga zafin Maris da Afrilu, firosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, sai an buɗe an busa an sake shafa masa mansa

Baffa Sabon Gari: SSD da RAM kuɗi ne fa Injiniya, ɗalibi ne, kai kuma aikinka kenan sakawa. Kilina kyauta ne ko ba komai ya gwada

Injiniya PZ: Baffa kashe Startup kyauta ne, Storage Sense kyauta ne, cire antibairos na biyu kyauta ne, ban ce ya zo wajena ba, Samaru cike take da masu gyara. In bai da kuɗin SSD yanzu ya yi waɗannan ya lallaɓa. Abin da ba na so shi ne ya ƙara wa RAM 4GB wata manhajar da ita ma za ta zauna a baya tana ci tana turo masa talla, ga furojet ɗinsa a ciki babu kwafi a ko'ina

Malam na Tudun Wada: Wannan na kwafi a kama shi da kyau ɗana, tun kafin ka taɓa komai ka tura babukanka imel ko Google Drive

Maman Hanifa: Ni dai nawa na nan daram a shago, sai dai zan ce wa yarinyar ta cire alamar rajistiri ɗin ta bar na burauza kawai. Biyu daga cikin kwamfutocin ma Windows 7 ne babu wani Storage Sense a kansu

Injiniya PZ: Hajiya Windows 7 tun Janairun 2020 Microsoft ta daina ba shi ofdet na tsaro, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika 14 ga Oktoba 2025, kuma a kansu yara ke shigar da bayanan katin banki suna biyan kuɗin makaranta. Wannan ya fi batun kilina girma, ki samu lokaci mu yi maganarsa daban

Baffa Sabon Gari: Ni ban sauka daga ra'ayina ba, ga wanda bai iya ba madanni ɗaya ya fi masa. Amma zan gwada PC Manager ɗin a kan guda biyu in ga yadda kwastoma za su ji da ita

Ɗan Samaru: Na tura furojet ɗin imel. Na buɗe Task Manager, Disk 100% ne HDD, Memory 87%, kuma a Startup akwai abubuwan da ban ma san sunansu ba

Injiniya PZ: Ɗauki hoton wajen Startup ɗin ka turo nan, kar ka kashe na sauti da na tochfad, sauran zan nuna maka ɗaya bayan ɗaya