Ayyukan su wa zan kalla don idona ya buɗe?

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na fara koyon tsara fosta da tambari a waya, amma duk abin da na yi sai ya fito kamar na kowa. Yayyena ku taimaka, ayyukan su wa zan riƙa kallo? Zanen bango ne ko hoto, duk ku kawo.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako. Yakan zaunar da mace gaban ƙyalle mai ado, ita ma tufafinta duk ado ne, amma fuskarta ba ta ɓacewa a ciki. Ki tsaya ki duba yadda ya ajiye hannuwanta da inda haske ya faɗa. Sai Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, mai ɗaukar hoton samari da 'yan mata a wurin rawa. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na Venice.

Ɗan Fenti: Ni dai JR zan ce miki, Bafaranshen nan. Hoto yake ɗauka, ya buga shi ƙato baƙi da fari, ya manna a bango. A 2009 ya shimfiɗa idanun matan Kibera ta Nairobi a kan rufin gidajensu, kuma a kan leda mai hana ruwa ya buga su, har suka tare wa masu gidajen yoyo. Wallahi duk sanda na ga hoton unguwar daga sama sai tsigar jikina ta tashi. Ki kuma nemi aikin eL Seed a Manshiyat Nasir ta Alƙahira, 2016. Rubutun Larabci ne da ya ratsa gine-gine wajen 50, kuma ba ya haɗuwa ya karantu sai an tsaya a wuri ɗaya a kan dutsen Muƙaɗɗam.

Sabon Shiga: Ba wanda zai ambaci Banksy, mai zanen bangon nan na Ingila? Wanda zanensa ya yayyaga kansa a gwanjon Sotheby's a 2018?

Ɗan Fenti: Ɗan'uwa, wannan labarin ya sha yawo. Abin koyo a wajensa shi ne yankan kwali: ya huda siffa, ya fesa fenti, launi ɗaya ko biyu, magana ta isa. Mai fosta da ke zuba launi bakwai ya kalli wannan.

Tsohon Maɗaba'a: 'Yata, kafin launi ki kula da haruffa. Helvetica, wani salon haruffa, tun 1957 aka yi ta a Suwizalan, har gobe ana aiki da ita saboda tana karantuwa daga nesa. Amma duk salon da za ki ɗauka, fara buga ɓ, ɗ, ƙ ki gani. Da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, kalma ta fito a karkace. Noto Sans na da su, Andika ma haka. Kada ki wuce salo biyu a fosta ɗaya.

Mai Kyamara: Gaskiya ne Baba. Ƙanwata, ga wani abu kuma: fostar Obama ta 2008 da Shepard Fairey ya yi, daga hoton kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauko ta, sai da aka je kotu kafin su sasanta a 2011. Hoton da ba naki ba, nemi izini. Bangon da ba naki ba, haka.

Ɗalibar Zane: Allah Ya saka da alheri, na rubuta duka. Baba, ba ni da kuɗin manhaja mai tsada, da me zan fara a kwamfuta?

Tsohon Maɗaba'a: Inkscape don tambari, GIMP don gyaran hoto, duka kyauta ne. Ki yi fosta ɗaya da baƙi da fari kawai, ki turo nan mu duba tazarar haruffanki.