Me za mu kira "backup" da Hausa? Ni dai ina bayan "kwafin ko-ta-kwana"

Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta bayani da Hausa kan yadda mutum zai riƙa kwafe kayan da ke sabar gidansa zuwa faifan waje na USB, irin tsohuwar kwamfutar nan da ake sa wa Debian ko FreeBSD a jingine a lungu tana riƙe hotuna da takardun iyali, sai kalmar backup ta tsaya min a wuya. A baki duk bakof muke cewa kuma ana ganewa, amma wanda bai taɓa jin ta ba babu abin da za ta nuna masa.

Da na tambaya yawancinku kun ce "ajiya". Ban yarda ba gaskiya. Ajiya ita muke cewa in an adana fayil, kuma wanda ya kwashe hotunansa ya zuba a faifan waje ya goge na kan saba don ya samu wuri shi ma ajiya ya yi, alhali guda ɗaya tal ke hannunsa, faifan na faɗuwa ƙasa shikenan. Dole kalmar ta nuna abu biyu ne, na asali yana nan ga kuma wani a gefe. "Wariyar ajiya" da ake gani a wasu fassarori kuwa, kunnen Bahaushe na jin wariya sai ya tafi wariyar launin fata.

Wani ya kawo "safaya", kamar tayar mota. Ta burge ni wallahi, gajeriya ce kuma kowa ya san ta, matsalar ita ce ta fi dacewa da ƙarfen, in na ce ina da safaya za a ɗauka wani faifan ne sabo a kwali ba abin da ke ciki ba.

Wanda ya ce "madubi" shi ne ya taɓo inda aikin yake, don akwai abin da madubin ne sak kuma mutane na ɗaukarsa bakof. In ka sa manhajar kwafe fayiloli ta rsync da -a --delete (wato ta goge a can duk abin da babu a nan) daga /home, inda fayilolin mutane suke, zuwa faifan waje, cron, manhajar da ke tayar da aiki a kan lokaci, na tayar da shi ƙarfe 2 na dare kullum, to duk abin da ke nan shi ke can, ka goge fayil bisa kuskure da yamma kafin asuba an goge shi a can ma, fayil ya lalace lalataccen za a kwafa a danne mai kyau. RAID 1 ma haka, faifai biyu ne da ake rubuta musu abu ɗaya a lokaci guda, amma rm ɗaya, umarnin goge fayil, ke cinye su tare. To mu bar wa wannan suna madubi, ya dace da shi.

Abin da nake nufi ya wuce haka. rsync ɗin nan da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996 yana da --link-dest, kowane dare ka sa ya kwafa a sabon folda mai kwanan wata, fayil ɗin da bai canza ba ba ya sake kwafarsa sai dai ya ɗaura shi da na jiya, wanda ya canza kaɗai ke cin wuri, sai ka ga kana da na jiya da na makon jiya da na watan jiya a faifai ɗaya kowanne kamar cikakke. Amma fa tsarin ajiye fayil na faifan ya zama ext4 ko makamancinsa, FAT32 ba ya riƙe izinin fayil na Unix, bai san wannan ɗaurin ba, kuma ba ya karɓar fayil da ya kai 4GB. Sannan a sa mountpoint -q, umarnin Linux da ke duba ko faifan waje ya hau, a farkon skirif ɗin da ke tayar da rsync, in ba haka ba ranar da faifan bai hau ba rsync zai zuba komai a cikin faifan sabar kanta har ya cika shi.

Wannan shi nake so mu kira kwafin ko-ta-kwana. "Kwafi" ya nuna na asali na nan, "ko-ta-kwana" kuma mun saba da ita a shirin ko-ta-kwana, abin da aka tanada ba don yau ba sai ranar da ta ɓaci. Tana shiga jimla ba gargada: ka yi ko-ta-kwana? Ko-ta-kwanan jiya bai kammala ba an ɗauke wuta. Ƙa'idar 3-2-1 ma ta zauna, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gidan daban.

Wani ɗan'uwa ya ce ta yi tsawo ba za ta shiga maɓallin manhaja ba. Haka ne, a can sai a rubuta "Ko-ta-kwana" kawai. Restore kuma "maido" ta wadatar, ban ga abin ja a nan ba. Wadda ta rage min ita ce snapshot irin na tsarin ajiye fayil na ZFS, wato kama yadda fayiloli suke a wani lokaci, "hoto" nake ta rubutawa amma sabar cike take da hotuna na gaske, sai ka ji ana maido hoto daga hoto. Mai wata kalmar ya kawo.