Mi za mu kira masu ɓata fuskar ɗan fim? Kwalliya dai ba ta shiga ba

Wai don Allah mutanen nan da ke zama awa da awanni suna maida lafiyayyen ɗan wasa kamar wanda ya shekara bai ga ruwan wanka ba, mi sunan aikinsu da Hausa? Irin finafinan nan nike nufi da duniya ta wargaje, ba gwamnati ba asibiti ba ruwan sha, kowa ta kanshi yake yi. Masu fassara da masu sharhi kowa da abin da yake cewa, wani mekof wani ifet, gidajen kallo nan Birnin Kebbi kuwa duk abin da ya ba mutum mamaki sai ka ji "fim tirik ne" ko "kwamfuta ce", shikenan an rufe magana.

Wagga "kwamfuta ce" ita ta fi ci min rai, don cin haƙƙin masu aikin hannu ne. Ku ɗauki Mad Max: Fury Road na 2015 wanda George Miller ya ɗauka a hamadar Namibiya. Samarin nan na cikin fim ɗin, farare fat masu aski ƙwal, ido zagaye da baƙi, har da wanda ke da zanen injin mota a ƙirji, duk da hannu anka yi musu, a shafe su da fari a liƙa tabon sannan a fita da su rana. Lambar yabo ta Oscar 6 fim ɗin ya ci, ɗaya daga ciki ta masu gyaran fuska da gashi ce. Amma guntun hannun da jarumar fim ɗin Charlize Theron ta fito da shi, wannan kam koren safa ta sa a hannu daga baya anka goge shi da kwamfuta. Kun ga fim ɗaya sana'a biyu, to don mi za mu cusa su cikin kalma guda.

Wata hajiya mai yi wa amare kwalliya ta ce min "ƙanena mi na wahala, ai kwalliya ce, hoda da burushin duk iri ɗaya muke riƙewa." Na ce Hajiya a yi min afuwa, ke in amarya ta tashi daga gabanki aka ce ta yi muni ai ranar ba ki barci, su ko in ba a ce tir ba to aikin bai yi ba. Kwalliya a bakin Bahaushe kyau take nema. Ba wanda zai ga mutum da ruɓaɓɓen kunci da haƙora waje ya ce kai wane ya sha kwalliya, sai dai in ba'a yake.

Kuma hodar ma ita ce ƙarshe. Kafin a kai gare ta sai an zaunar da ɗan wasa an rufe mishi gashi, a kwaɓa wani abu mai kauri irin wanda likitan haƙori ke ɗaukar hoton baki da shi, a malale mishi fuska duka a bar ƙofofin hanci kawai don numfashi, a bi da bandejin filasta a jira ya sandare, mutum na zaune shiru ba gani ba magana. In an ɓamɓare sai a zuba filasta ciki, ga fuskarshi ta fito sak har da kurajen. A kan wagga fuskar ne mai aikin zai ɗora yumɓu ya sassaƙa ƙuna ko kumburi ko sara, ya sake yin mazubi, ya zuba silikon ko roba mai kumfa, abin da ya fito shi za a liƙa wa mutum da gam na musamman. Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne bakin abin, sai ya yi siriri ƙwarai har ya ɓace cikin fata, in ba haka ba kyamara na matsowa asiri ya tonu. Gobe kuma a ɗauko sabo a sake, a duba hoton jiya don kar tabon da ke hagu ya ƙaura dama. Ni ma abin da ya fi burge ni ƙananan nan ne da ba a lura da su, dattin ƙarƙashin farce, haƙoran da sunka dafe, leɓe ya tsattsage kamar na yaro a tsakiyar hunturu. Su ke sa ka yarda mutumen nan yunwa yake ji.

To suna. Da na tambayi mutane, wani ya kawo ɓad-da-kama, kuma ta yi kusa ƙwarai, sai dai mai ɓad da kama ɓoyewa yake don kar a gane shi, ɓarawo ko ɗan leƙen asiri, alhali jarumin fim so ake ka gane shi ne kuma ka ga wahala ta cinye shi. Shigar burtu ma an kawo, na maharbin da ke ɗaura kan burtu ya duƙa ya shiga cikin namun daji, kalma mai daɗi amma yanzu ta zama ta 'yan siyasa da mayaudara, ba ta dawowa. Rikiɗa kuwa kar ma a fara, kana faɗi tsoho zai tuna mutumen da ke zama kura da dare. Wani abokina, Allah ya shirye shi, ya ce tunda ƙari ake wa jiki a kira abin ciko. An sha dariya amma ku tsaya, ciko ba ta yi laifi ba, haƙori ma ciko ake mishi, kuma ga shi kanshi yankin robar da ake liƙawa ban ga sunan da ya fi cikon fata ba.

Ga sana'ar baki ɗaya ni ƙirar kama na tsaya a kai. Ƙira don akwai mazubi akwai zubi akwai sassaƙa, kama don ita ake canzawa. Mai aikin kuma maƙerin kama. Na san maƙeran ƙarfe za su ce ina wuta ina uwar maƙera, to ai muna cewa mutum na da ƙira mai kyau kuma ba wanda ya sa shi a wuta. Gwada ta a baki: a fim mai dogon zango The Last of Us na 2023 Barrie Gower ne maƙerin kaman mutanen da naman gwari ya fasa musu kai ya tsiro ta fuska, kuma rigar babban dodon ciki ta kai wajen kilo 40, mutum ne a ciki. Ta zauna ko ba ta zauna ba?

Sauran abin da ake yi gaban kyamara da gaske, fashewar mota, hayaƙi, ƙura, harsashi ya bugi bango, jinin da ake haɗawa da ruwan sikari mai kauri da jan kalar abinci, wasu sun ce siddabaru wasu rufa-ido. Wani malam ya ce a bar siddabaru don tana jan hankali wajen tsafi, na kuma yarda da shi. Dabarun fim ta wadatar, ba sai mun wahal da kanmu ba. Na kwamfuta kuma haɗin kwamfuta, dama haka mutane ke cewa.

Su kansu finafinan fa, kar a ce na ƙarshen duniya, wannan maganar tashin alƙiyama ce, su ko cikin labarin duniya na nan, mutane ne sunka ɓata ta suna kuma zaune ciki. Muna da kufai. Duk Bakabe ya san Surame, birnin Kanta, ganuwar dutse na nan gari babu. Fim ɗin kufai, kowa ya ji ya ga hoton.

Inda na ɗan tsaya shi ne jam'i, maƙeran kama na da nauyi a baki kuma wanda bai sani ba zai iya jin kama ta ɗan sanda. Mutanen Argungu da Yawuri, in kuna da wadda ta fi ta sauƙi ku kawo, amma kar wanda ya sake kawo min ciko.